Shaidar Hajji Mun'im

Na daɗe ina aikin lauya a Tanta, amma babu shari'ar da ta ci mini rai kamar ta Ra'afat. Saurayin ya kashe Shahata mai guga, tsohon da ke da shago a ƙasan benensu, da dutsen gugar tsohon. Bai musa ba. Cewa ya yi Shahata yana hura masa zagi ta cikin tururi, har ya hana shi barci.

Kowa ya ji wannan ya san da sauran magana. Doka ta ce idan taɓin hankali ya rage wa mutum sanin abin da yake yi, alƙali zai iya sassautawa, a ɗaure shi maimakon a rataye. Likitocin gwamnati suka duba shi, suka ce a natse suka same shi, amma ba za su rantse a kan halin da yake ciki ranar kisan ba. Saura shaidar wanda ya san shi tun da.

A nan gizo ke saƙa. Tun Ra'afat yana sakandare ciwon ya fara, amma ubansa, Hajji Mun'im mai shagon yadi, bai taɓa kai shi asibiti ba. In abin ya motsa, sai a kulle shi a ɗakin sama, a ce wa maƙwabta ya tafi Iskandariya wurin kawunsa. Ra'afat yana da ƙanne mata, kuma a garinmu ba a neman aure a gidan da aka ce akwai hauka.

Na iske Hajji a shago.

"Hajji, abin da ka sani kawai za ka faɗa wa alƙali."

"Ustaz," haka ake kiran lauya a garinmu, "sha shayinka. Allah yana nan."

"Allah yana nan, igiya ma tana nan!"

Ya ci gaba da naɗe yadi. "Bikin 'yata Nirmin ya matso. Kai 'ya'ya mata nawa ka aurar, da za ka koya mini?"

Duk da haka na kira shi shaida. Na ɗauka uba uba ne, in ya ga ɗansa a cikin kejin ƙarfen da ake tsare wanda ake tuhuma a kotu, zuciyarsa za ta karye. Ashe dangin angon Nirmin sun cika sahun gaba.

Alƙali ya ce, "Hajji, ka taɓa ganin alamar taɓin hankali a tare da ɗanka?"

Hajji ya dubi sahun gaba, ya gyara rawani.

"Ranka ya daɗe, lafiyarsa lau. Duk zuri'armu babu mai wannan ciwo. Yaro ne mai hankali, sharrin Shaiɗan ne kawai."

Wallahi ji na yi kamar in shaƙe shi. Alƙali ya ce a tura shari'ar wurin Mufti, babban malamin da ake jin ra'ayinsa kafin a yanke hukuncin kisa, kowa kuma ya san rataya ke nan.

Na nufi kejin. Sai na tarar Ra'afat ya riƙe ƙarfen yana murmushi.

"Ustaz, ka ji? Baba ya ce ni mai hankali ne. A gaban mutane fa! Bai taɓa faɗa ba."