Gwangwanayen Munzir

"Rufe shi! Ukasha, na ce ka rufe!"

Awadiyya ta makara. Kafin ta gama hawa benen, ya riga ya ɓalle murfin gwangwani na bakwai, ya zaro fim ɗin yana dubawa a hasken taga.

"Ma'alish, Hajja, ai babu komai a jiki."

"Yanzu kam babu. Ka kashe shi."

Jiya aka binne Munzir, maƙwabcinta na shekara goma sha tara a Hayyin Ashir. Ba shi da kowa a Alƙahira, ɗaliban Najeriya ne suka yi masa wanka suka kai shi, ta kuma gode musu. Yau Ukasha, ɗaya daga cikinsu, ya dawo ɗakin Munzir bincike, wai in akwai hoton alfasha a ƙona, kada ya bi mamaci kabari.

Finafinai Munzir yake yi, irin waɗanda babu sinimar da za ta karɓa. Ba labari, ba waƙa, ba fuska. Yawancin maƙwabtansa 'yan gudun hijira ne masu tsoron kyamara, sai ya ce, to ku ara mini hannuwanku. Hannun tela, hannun mai shayi, hannun da ya dawo daga zanga-zanga da bandeji. A jikin zanin gado yake haskawa, mutum goma na kallo, biyar na dariya. Da ciwo ya kwantar da shi, sai ya liƙe finafinan da ba a wanke ba a gwangwanaye ya jera a firji. Irin wannan fim, haske na taɓa shi ya tafi.

"Ga shi an rubuta kada a buɗe," in ji ta. "Da Larabci! Shekara huɗu me kake karantawa?"

"Rubutun ne ya sa na yi zargi. Kuma malamai sun ce masu yin hoto..."

"Khalas! Wayar aljihunka fuskar wa ta cika ta?"

Ta durƙusa tana juya murafen da ke ƙasa har ta ga wanda ta hawo dominsa: Mahasin tana gasa kisra, 2012. Kisra wainar ƙasarsu ce, Mahasin kuwa 'yarta ce, wadda ta shiga kwalekwale a Iskandariyya bara don tsallake teku, har yau shiru. Ranar Talata Munzir ya riƙe mata gefen mayafi ya ce, "Akwai wani tsoho a unguwar Dokki, ki kai masa ya wanke. Za ki ga hannunta."

"Wallahi alheri na nufa, Hajja."

"Na sani. Fita."

Guda ɗaya ya rage a firjin, a liƙe. Ta karanta murfin: Ɗalibai suna alwala. Ta daɗe a tsaye, yatsanta a bakin salatif ɗin.

Sannan ta naɗe shi a mayafi ta sauka. Ta buɗe nata firjin, ta matsar da tumatir, ta ajiye shi can ciki inda ƙwan fitilar ya mutu.