Hannun Batulu

Shekarar da cutar agana ta shigo Zariya, masu lambar rigakafi suka bi unguwar Kwarbai gida-gida suna tsaga dantsen yara. Da mako ya zagayo, kowane gida ka shiga akwai yaro kwance da zazzaɓi, dantse ya kumbura ya ɗuri ruwa. Aka ce ai haka lamba take in ta kama, kwana biyu sai a miƙe.

Yaran makwabta suka miƙe. Batulu ba ta miƙe ba.

Batulu 'yar fari ce wurin Sailuba, kuma kowa ya san kunyar ɗan fari: uwa ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta damu. Tun yaye yarinyar take ɗakin kakarta Hajo, uwar mijin Sailuba, tsohuwar da ba a haye maganarta. Sailuba tana daka, kunnenta na ɗakin, tana jin 'yarta tana kukan ciwon baya. Tsoro ya cika ta, don in agana ce, dubagari zai kai yarinyar sansanin bayan ganuwa, inda ba kowa ke dawowa ba.

Ta tsaya bakin ƙofa ta sunkuyar da kai. "Inna, yaya jikin yarinyar nan?"

"Zafin lamba ne," in ji Hajo, ba ta ko dube ta ba.

"Hannun ya kumbura kuwa?"

"Yau kuma ke ce mai tambaya? Ina kunyar taki?"

Sailuba ta koma bakin turmi. Amma da tsohuwa ta fita alwalar la'asar, sai ta faɗa ɗakin. Dantsen na ɗaure da tsumma. Ta kwance shi tana roƙon Allah ta tarar da ƙazamin gyambo.

Fata sumul. Ɗan ƙarzanen ma ya warke. A gefen tabarma ga busasshen ɓawon lemun tsami, irin wanda tsofaffi kan goge lamba da shi don kada ta kama.

"Tausayinta na ji," in ji Hajo daga bakin ƙofa, muryarta ta yi ƙasa. "Kada hannun ya ruɓe."

Sailuba ta juya fuskar yarinyar wajen haske. Ga jajayen ƙuraje sun feso a goshi, har cikin baki.

A gaban surukarta ta ɗora ta a cinya.

"Batulu," ta ce. "Batulu, buɗe ido, ni ce."