Gwafar Malam Abdulmutalib

"Juya ta kuma, Sulle. A hankali."

Malam Abdulmutalib ne ke magana daga kan tabarma, an tokare masa baya da matashi a jikin bangon zaure. Ni kuwa ina tsaye a ƙofar gidansa da la'asar, riƙe da madubin hangen nesan da duk Rogo ta san shi da shi. Maƙwabcinsa nake, katanga ce ta raba mu, sana'ata gyaran babur. Tun da hannunsa ya fara rawa, nawa yake ara.

Madubin farin bututu ne mai kaurin turmi, zaune tsakanin hannuwan ƙarfe biyu da Malam ke kira gwafa. Akwai ɗan inji mai batir da ke juya gwafar a hankali, don madubin ya riƙa bin abin da aka saita a sama. Wani tsohon ɗalibinsa ne ya aiko masa da shi bayan ya bar koyarwa. Daga nan ba makarantar da bai kai shi ba, ta boko da ta allo, har ƙauyukan Karaye. A daminar bara babur ya zame da Malam a hanyar Fulatan yana ɗauke da madubin, hannu ɗaya na gwafar ya ɗan sauka. Ido ba ya ganin karkatar, amma in an saita tauraro sai ya sulale ya fice. Kafin ya gyara, ciwon ƙoda ya kwantar da shi. Da aka dawo da shi daga asibiti a Kano, kowa ya gane abin da likitoci ba su faɗa ba.

Da rana ake gwajin. Ya koya mini in saita bututun kan ƙololuwar ƙarfen sabis ɗin waya da ke bayan gonakin gyaɗa, har ta zo daidai inda zare biyu suka gitta a cikin madubin. Sai in juya gwafar ta ba wurin baya, in kifo bututun ya sake dubansa. In komai daidai ne, ƙarfen zai dawo inda na bar shi.

"Ya kauce dama, Malam. Kamar faɗin yatsa."

"To, rabin haka za ka gyara, ba duka ba. Rabin na can ɗaya ɓangaren."

Na sassauta kusoshin hannun da ya sauka, na cusa siririn falle da na yanko daga gwangwanin madara, na ɗaure. Muka sake gwadawa, ya wuce gona da iri. Na zare, na goge fallen da dutse. Haka muka yi ta yi kwana da kwanaki, wani lokaci barci ya ɗauke shi ina tsakar juyawa.

Babban ɗansa Ikrama ya roƙe shi ya huta, ya ce ai madubin yana nuna wata ko a haka. Malam ya gaya masa ya riga ya yi wa makarantar 'yan mata alkawarin ba su madubin.

"Ba zan bar wa yara abu karkatacce ba," in ji shi, "su tashi suna zaton sama ce ta karkace."

Ranar da ƙarfen ya dawo tsakiya ta ɓangarorin biyu, Malam ya ce mu ɗaga shi ya gani. Ni da Ikrama muka riƙe shi ta hamata, ba nauyi ko kaɗan. Ya leƙa, na juya, ya sake leƙawa. Ya daɗe bai ɗago ba.

"Madalla, Sulle. Allah ya yi wa hannunka albarka."

Ya rasu ranar Alhamis da hantsi, yana salati, matarsa Inna Lauratu na riƙe da kofin ruwan da bai ƙarasa sha ba.

Ban taɓa ganin jana'iza irin tasa a unguwarmu ba. Babura sun cika layin har bakin kasuwa. Mutanen ƙauyen Yola sun zo, na Fulatan sun zo a bayan motar hatsi. Wani tsohon alaramma ya riƙe hannuna a maƙabarta, ya ce shi da idonsa ya ga duwatsun da ke cikin wata a ƙofar tsangayarsa, kuma mutumin Rogo ne ya nuna masa. Na ce masa maƙwabcina ne. Ban san sau nawa na faɗi haka a ranar ba.

Bayan an tashi daga zaman makoki, Malama Sadiƙa ta makarantar 'yan matan ta zo ɗaukar madubin tare da ɗalibanta. Inna Lauratu ta aiko daga ciki cewa kada a tafi da shi sai an kafa shi a ƙofar gida tukuna. Muka idar da magariba, rabin wata na tsaye a saman rimi. Na saita, na ja baya.

Yaran suka yi layi cikin fararen hijabansu, kowace ta leƙa ta matsa, ba mai magana da ƙarfi. Watan na nan tsakiya, bai gusa ba. Daga cikin zaure, Inna Lauratu ta ɗan ɗage labule da yatsa, tana kallon layin.