Motar da Ta Gaji da Ɗaukar Laifi

A daren jiya na yi wani mafarki, kuma har yanzu ina juya shi a raina.

Sai ga ni da hantsi a ƙofar gidana a Zariya, zaune cikin tsohuwar motata, za ni Maƙarfi wajen Gwaggo Lantana, ƙanwar mahaifina wadda ta goya ni. Wannan kam ba mafarkin ne ya ƙirƙiro ba. Sati biyu ke nan da ta aiko cewa in zo ta gan ni tun tana iya rarrabe mutum da bishiya, don yanar ido ta rufe mata ɗaya, ɗayan ma ya kama hanya. A cikin mafarkin kuwa na san idan rana ta faɗi ban isa ba, shi ke nan, sai dai ta ji muryata.

Na murɗa makulli. Motar ta yi ƙet, ta yi shiru. Na sake murɗawa, sai ta yi gyaran murya irin ta dattijon da aka tambaya abin da ba ya son faɗa.

Na fito na ɗaga bonet. Unguwarmu ce dai, amma titin yana tafiya da kansa a hankali, ɗauke da kaji da wani mai rake yana gyangyaɗi. Na so in hau, sai na ga kudu ya nufa, ni kuwa arewa za ni. Na ɗauki dutse na bubbuga kan batir, kamar yadda kowane mai tsohuwar mota ya iya.

"Wane ne?" in ji batir daga ciki.

"Ni ne, Tasi'u."

"To ni da wutata. Tambayi na gaba."

Na leƙa wajen fulogi. Uku na tarar zaune a kan tabarma suna ɓare gyaɗa. Suka ce na huɗun ya tafi suna, amma ya bar musu wutarsa a cikin kwano, suka buɗe suka nuna mini. Na zare tiyon mai na zuƙa da baki don in ji ko man yana zuwa. Yana zuwa, har da ɗumi, sai dai ɗanɗanonsa na kunun tsamiya ne. Ban ga laifinsa ba, na mayar da tiyon.

Kafin in ɗago, jama'a sun taru. A can ma, kamar a nan, ba a wuce motar da ta ƙi tashi sai an faɗi ciwonta. Wani tela ya ce kafireto ne. Wata mai ƙosai ta ce sammu ne. Wani dogon mutum ya ce sanyi ne ya kama ta, a shafa mata man zafi. Daga nan suka ce a tura. Su goma sha biyu suka shige cikin motar, kowa ya dafa kujerar da ke gabansa, suka yi ta nishi har gumi ya jiƙa su. Suka fito suna haki, suka ce sun kai ta, Allah ya kiyaye hanya. Na yi musu godiya, don a gaskiya sun yi ƙoƙari.

Sai ga mu a gareji, ni da motar, a ƙarƙashin wata bishiya mai 'ya'yan ƙarfe. Da na duba da kyau, ashe duk sifana mai lamba goma da ke ɓata a garejin duniya nan take zuwa ta rataye. Bakaniken wani talo-talo ne, ana ce masa Oga Ɓaidu, rigarsa ta yi baƙi ƙirin da baƙin mai. Ko kallon motar bai yi ba. Ya ce in kwanta, ya sa jak ya ɗaga ni, ya tsinki sifana ɗaya ya shige ƙarƙashina.

"Oga, ai motar ce ba ta tashi," na ce.

"A nan mai mota muke dubawa. Yi tari."

Na yi tari. Ya ƙwanƙwasa haƙarƙarina, ya kara kunne. Abin ya ba ni sha'awa ƙwarai, har na tambaye shi me ya ji.

"Akwai abin da ya toshe, amma ba na sifana ba ne. Ka tambaye ta kuwa?"

"Wa?"

"Motar mana. Ka tambayi batir, ka tambayi fulogi, ka tsallake mai gida."

A bayan garejin na hangi wani tsoho a bakin rijiya yana sassauta igiya. Rana ce ɗaure a jikin igiyar, yana zura ta ƙasa kamar guga. Ta riga ta kai la'asar. Na roƙe shi ya ɗan riƙe ta, ya ce tun asuba yake riƙe da ita, hannunsa ya yi tsami.

Na koma na tsuguna a gaban motar, na yi sallama. Ta amsa, fitilunta suka buɗe, suka tsaya a kaina.

"Baiwar Allah, me ke damunki?"

"Lafiyata ƙalau, Malam Tasi'u. Ko da yaushe ma ƙalau take. Da ƙaramar Sallah ka ce wa Gwaggo birkina ya tsinke, alhali ranar Kaduna muka je ɗaurin auren abokin aikinka. Da babbar Sallah ka ce tayata ce. Da aka kwantar da ita asibiti ka ce ina gareji, ni kuwa ina ƙofar gida kana wanke ni. Sau goma sha ɗaya ke nan."

Na dubi ƙasa. Talo-talon ma ya sunkuyar da kai.

"Tsohuwar nan har addu'a take yi mini," in ji motar. "Kullum bayan sallar asuba sai ta ce Allah ya ba motar Tasi'u lafiya. Addu'ar tana iso ni, ni kuwa ba ni da ciwon da zan sa ta a kai. Ta taru ta cika mini but. Shi ne na ce bari in lalace sau ɗaya, ko maganarka ta zama gaskiya."

Na zaga na buɗe but ɗin. Ga addu'o'in nan jere, ƙulli-ƙulli a cikin tsummokaran atamfa, irin ɗaurin da Gwaggo take yi wa daddawa. Na ɗaga ɗaya, na kasa. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba ko a farke.

"Ki yi haƙuri," na ce.

"Ba ni za ka ba haƙuri ba. Ni ƙarfe ce."

Na waiwaya. Rana ta kai bakin rijiya, saura taki ɗaya. Na ruga in kama igiyar, ƙafafuna suka ƙi ɗaguwa. Na buɗe baki in kira Gwaggo, sai wata ƙara ta cika garejin, bishiyar ta girgiza, sifanoni suka yi ta zubowa.

Injin markaɗen maƙwabta ne. Gari ya waye tuni.

Ko fuska ban wanke ba na fita da makulli. Murɗawa ɗaya ta tashi. Na daɗe zaune a ciki, hannuna a kan sitiyari. Matata Hansatu ta leƙo daga soro da tsintsiya a hannu.

"Malam, ina zuwa da sassafe haka?"

"Maƙarfi. Ki shirya yaran, mu je Gwaggo ta gan su."

"Ba jiya na ji ka ce mata motar ba ta da lafiya ba?"

"Ƙarya na yi mata," na ce. "Yi sauri."