Gatarin da Aka Jingina wa Bishiyar Kafur

"To ki aure ta mana! Ki auri bishiyar kowa ya huta, tunda kin fi jin maganarta a kan ta yayanki!"

Shigeharu ne ya faɗi haka, ya buga tafin hannu a kan gajeren teburin ɗakin taro, har kofunan shayi suka yi tsalle. Ƙanwarsa Tomoe ba ta ko ɗago kai ba. Ta sa tsumma ta goge shayin da ya zube.

"Da ta nema da na amsa, Yaya. Shekaru aru-aru tana tsaye a wurin, ba a taɓa jin ta ɗaga wa kowa murya ba."

Tsofaffin kwamiti suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa.

Rigimar ba ta yau ba ce. Tomoe ce ke hidimar ɗakin bautar ƙauyen Kusudani, a ƙasar Japan, tun rasuwar mahaifinsu, domin a lokacin Shigeharu yana Osaka yana sayar da injin wanki, ya ce shi ba zai ƙare rayuwarsa yana share ganye ba. Da ya yi ritaya sai ga shi ya dawo da ƙaramar tutar ƙasa maƙale a ƙirjin kwat, da ƙaunar gargajiya mai zafi irin ta wanda ya daɗe bai gan ta ba. Kafin a ankara ya zama shugaban kwamiti. Shawararsa ita ce a buɗe fili a bakin kurmin ɗakin bautar, inda manyan motocin 'yan yawon buɗe ido za su tsaya. Har allon talla ya sa an rubuta masa, yana ajiye a bayan gidansa: ku zo ku ga yadda Bajapane yake ƙaunar daji. Matsala ɗaya ce: a tsakiyar filin da yake so tsohuwar bishiyar kafur take, wadda mutum shida ba sa zagaye ta da hannu, da igiyar karan shinkafa ɗaure a gindinta, alamar akwai kami a cikinta, wato ruhun da suke bauta wa.

"Ni don ƙasar nan nake yi," in ji shi. "Duniya ta zo ta ga ruhin Japan. Wace al'umma ce ke girmama itace kamarmu?"

"Shi ya sa za mu sare wannan, don su gani da kyau?" in ji Tomoe.

"Rufin ɗakin bauta yana yoyo, Tomoe! Makaranta an rufe, yara sun tafi birni. In baƙi ba su zo ba, wa zai gyara? Birai?"

A nan kam ya faɗi gaskiya, ita ma ta sani. Ita ce ke jera bokitai a gaban bagadi duk damina. Amma ta san wani abu kuma. Shekarar babbar guguwa, gangaren da aka sare aka dasa itacen katako a jere ya zaftare har cikin kogi, wannan gangaren kuwa da ba a taɓa sa masa ƙarfe ba ko tsakuwa bai saki ba. Daga ƙarƙashin saiwar kafur ɗin ne idon ruwan da duk ƙauyen ke sha yake fitowa. Ta faɗi wannan a taro har bakinta ya gaji.

Abin da ya hana Shigeharu wucewa da ƙarfinsa shi ne masu saran. Tsoho Okubo da mutanensa sun ce ko gwamna ne ya aiko, ba za su tayar da injin sara kusa da bishiya mai igiya ba sai Tomoe ta yi tsarki ta nemi izini. Ita kuwa ta ƙi.

Okubo ne ya gyara murya daga lungu. "Ku 'ya'yan malam, kun ishe mu. Ba ku ba ne masu wurin. A tambayi mai wurin mana, yadda iyayenmu suke yi. A jingina gatari a jikinta da yamma. In an wayi gari yana tsaye, ta yarda. In ya faɗi, ta ƙi."

Shigeharu ya yi dariya har da riƙe ciki. Gatari mai nauyi, a jikin ɓawo mai kaushi, a watan da ko iska ba a yi? Ya amince nan take. Duk idanu suka koma kan Tomoe. Ita ma ta yi wannan lissafin. Sai dai ta yaya mai hidimar kami za ta ce ba ta yarda a tambayi kami ba?

"Na yarda," ta ce. "In ya kwana a tsaye, da hannuna zan kwance igiyar."

Da yamma aka taru. Tomoe ta sa fararen kayanta, ta watsa gishiri, ta zuba giyar shinkafa a saiwa. Okubo ya jingina gatarin, ƙotar a ƙasa, ƙarfen a sama, ya ɗan taɓa shi ya ga ya zauna daram. Kowa ya rusuna sau biyu, ya tafa sau biyu, aka watse.

Tana ninke kayanta sai ga Fusae, matar Shigeharu, ta shigo da tsinken wainar shinkafa, ta rufo ƙofa a hankali.

"Ƙanwar miji, kin san ina fita tattaki da sassafe. Kuma sandata ba ta gani sosai. Takan bugi abubuwa."

"Yaya Fusae, kada ki soma."

"Ke dai ki yi barcinki. Matan ƙungiyar shara ma sun ce in gaishe ki, kowace da sandarta."

Tomoe ta kama hannunta. "In kun ture gatarin, ku kuka amsa, ba bishiyar ba. Ni kuma in ci gaba da tafa mata hannu alhali na san ƙarya na yi da sunanta? Ki gaya musu duk wadda ta je kusa, ni da kaina zan faɗa a taro."

Fusae ta taɓe baki. "Taurin kan gidanku ɗaya ne. Ci wainar, kada ta huce."

Bayan ta tafi, Tomoe ta tsaya a matakala tana kallon bishiyar daga nesa. Tsuntsaye na ta komawa cikinta, ƙamshin kafur ya cika wurin. Ta tuna tun suna yara, ita da Shigeharu, yadda mahaifinsu yake riƙe musu hannaye yana koya musu tafin. Gatarin yana nan tsaye kamar an dasa shi. Ta juya ta shige, ba ta sake leƙawa ba.

Da gari ya waye Okubo ya je da shaidu. Gatari yana kwance a kan ganye.

Labari ya riga su isowa. Kafin a gama dafa shayi ɗakin taro ya cika, takalma sun yi tuli a bakin ƙofa. Tomoe ta samu wuri ta zauna. Shigeharu ne ya shigo ƙarshe, fuska a murtuke.

"Ban yarda ba," ya ce tun bai zauna ba. "Ture shi aka yi. Duk ƙauyen nan an san wa tsofaffin matan nan suke bi. A sake, a sa mai gadi. Kuma in ta tabbata da hannun mai hidima a ciki, kwamiti ya nemi wani."

Maganar ta soki Tomoe fiye da yadda ta zata. Ta dubi matan, ɗaya bayan ɗaya. Kowace ta girgiza kai. Ta buɗe baki za ta yi rantsuwa, sai idonta ya sauka a kan yayanta. Kowa a ɗakin ya naɗe ƙafafu ya zauna a kan dugadugansa bisa tabarma, ban da shugaban kwamiti, mai yi wa matasa faɗa kan zaman gargajiya. Shi ya miƙe ƙafar dama a ƙarƙashin tebur, safar kuwa ta kumbura a wajen babban yatsa kamar an cusa ƙwai.

"Yaya, me ya sami ƙafarka?"

"Sanyin ƙashi ne. Ina ruwanki?"

"Sanyin ƙashi?" Fusae ce, tana tsaye da butar shayi. "Maigida, yaushe ka fara sanyin ƙashi ban sani ba? Ni dai na san na naɗe wa wani yatsa da asuba."

"Fusae!"

"A'a, ka ce za a kori yarinyar mutane, ai sai a yi magana." Ta ajiye butar, ta gyara tsayuwa. "Jama'a, gari bai gama wayewa ba mutumin nan ya zare jiki ya fita. Na ce ina zuwa, ya ce shan iska. Can sai ga shi yana ɗingishi, yana kiran sunan mahaifiyarsa."

"Dubawa kawai na je yi!" Shigeharu ya yi tsawa, kunnuwansa sun yi ja. "Na je in ga ko wata ta taɓa shi. Na same shi a tsaye, lafiya lau. Ban taɓa shi ba, ko da ɗan yatsa!"

"To ya aka yi?" in ji Okubo, yana matsowa.

"Na rusuna. Na tafa hannu." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ana zuwa gabanta ba a tafa ba? A tafi na biyu ne gatarin ya sulalo. Ƙeyarsa ta sauka a kan yatsana."

Sai wata tsohuwa a baya ta ce, "Ayya, har ta san wanda za ta ba amsar," dariya kuwa ta ɓarke kamar an buɗe madatsar ruwa. Okubo yana share hawaye ya ce shi tun da yake aiki bai taɓa ganin an ba mutum amsa hannu da hannu haka ba, kuma injinsa ba zai je wurin ba har abada. Mutanensa suka gyaɗa kai.

Tomoe ba ta yi dariya ba. Yayanta take kallo, mutumin da ya yi shekara arba'in a Osaka, ya dawo da tuta a ƙirji, amma ya kasa tsayawa gaban bishiyar shi kaɗai ba tare da ya sunkuyar da kai ba.

"Yaya," ta ce a hankali, "rufin za mu gyara shi, ni da kai, ko da langa-langa ne. Amma ka gaya mini abu ɗaya. Ai ba a tafa hannu a banza. Me ka roƙe ta?"

Shigeharu ya dube ta. Ya dafa tebur ya miƙe da ƙyar, ya ɗingisa zuwa ƙofa, ya tura ƙafa ɗaya cikin takalmin da ba nasa ba.

"Maigida, na Okubo ne wannan," in ji Fusae.

"Ya biyo ni ya karɓa!"

Ya fizgi ƙofar, irin mai zamewar nan da ake liƙa wa takarda, ya buga ta da ƙarfi, har takardar jikinta ta yage.