Inna Shiru da Masu Guduma

Inna Shiru ta tsufa a ɗakin karatu. Ita ke riƙe da sashen yara, ita ke karanta musu labari kowace Asabar, zaune a kan darduma a bayan kantocin littattafai. Sunan da yaran suka laƙa mata ya danne nata na yanka. Yatsa kawai take ɗagawa, ɗaki ya yi tsit.

Rufin ginin ya fara yoyo, aka ce za a rufe wurin har a gama gyara. Shugaba ya tara ma'aikata ya ce karatu ba zai tsaya ba, zai koma waya. Aka buɗe wa ɗakin karatun shafi a intanet, aka kawo wata matashiyar malama ta koya musu aiki da shi.

Kowa ya ji jiki. Mai ɗinkin littattafai sai ya lashi yatsa kafin ya murza fuskar waya, kamar zai buɗe shafin takarda. Inna ta riga su iyawa. Ta koyi jingine waya da littafi mai kauri, da danna jan maɓalli, da yanke wurin da ta yi tari. Ta ɗauki karatunta na farko, malamar ta kunna a gaban kowa. Baki na motsi, ba a jin komai.

"Wayar ce ta mutu?" in ji mai ɗinki.

"Waya lafiyarta ƙalau, Baba," in ji malamar. "Inna, raɗa kike yi."

"Haka nake karatu tun ba a haife ki ba, 'yar nan."

"Lokacin yaran suna jikin gwiwarki. Yanzu kowa yana gidansu, ga fanka, ga ƙaninsa na kuka."

Ta maƙala mata ƙaramar makirfo a wuyan riga. Numfashi ya fito, ƙarar takarda ta fito, labari bai fito ba.

Shugaba bai ɓoye mata ba. In Asabar ta zo ba a jin ta, zai ba wani mai aikin rediyo karatun. Inna ta san mai rediyon bai san yaron da ke tsoron kura ba, bai san inda ake dakatawa a bar su su yi dariya ba. Ta cusa littafin a jaka ta tafi gida.

Mijinta ya yi dariya har ya ƙware.

"Ke ce ba ki da murya? A kira maƙwabta su ba da shaida."

"Tashi ka koma bakin ƙofa ka saurara!"

"Ga ta nan ai. Har ƙarshen layi an ji wannan."

Ya koma. Tana buɗe littafin, muryar ta nutse. Ta sake, ta sake. Shi kuwa yana can yana cewa, "Ban ji ba, Hajiya. An fara ne?" Ta jefe shi da matashin kai. Abin ya tabbata: da ta riƙe littafi, maƙogwaronta sai ya ɗauka a wurin aiki take.

Ana gobe Asabar kafintoci suka hau rufin. Guduma ta ko'ina, kwano na kuka, ƙura na zuba a kan ledar da aka lulluɓe kantoci da ita. Shugaba ya ce kowa ya tafi, ba a aiki a wannan hayaniya. Inna ta shimfiɗa dardumarta, ta jingine waya. Ta ɗaga yatsa sama. Babu wanda ya gani.

"Malam! Ku ɗan dakata!"

Guduma ta ci gaba.

"Kai mai jar hula! Da kai nake!"

Bugun ya tsaya cak. Mai ɗinki, da bai riga ya tafi ba, ya yar da allurarsa. Bai taɓa jin wannan muryar a cikin ginin ba. Ita ma ba ta taɓa ji ba.

Kafinta ya leƙo ta ramin rufi. "Yi haƙuri, Inna, mun tsaya."

Ta dubi littafin, ta dube shi.

"A'a. Ku ci gaba. Ku ƙara ƙarfi ma."

Suka ci gaba. Ta danna jan maɓalli ta fara. Babu sauran shirun da za ta tsare, sai ta saki murya. Ta yi muryar kura, ta yi ta tsohuwa, ta dakata inda ake dariya.

Da ta gama, malamar ta nuna mata manhajar da ke rage hayaniyar baya. Ta miƙo hannu za ta yi mata, Inna ta janye wayar. Da farko Inna ta goge ƙarar gudumar har da muryarta. Ta dawo da ita, ta sake a hankali, har ya zama gudumar na can nesa, ita tana gaba.

Ta sa Shugaba ya tsaya a bakin ƙofa, ta kunna daga kan darduma. Ya saurara har ƙarshe.

"A sa," ya ce.

Ta ɗora a shafin da hannunta. Sannan ta fita tsakar gida ta ɗaga kai.

"Mai jar hula! Mako mai zuwa kuna nan?"

"In rufin bai ƙare ba."

"In ya ƙare ma ka zo da gudumarka. Ban gama koyo ba."