Kwanon Goggo Ikilima

Bugun ƙofar ya ƙi ƙarewa. Jalaluddeen ya juya fuskarsa bango, ya ja zane ya rufe kansa.

"Na san kana ciki. Takalmanka ma ba su je Idi ba, balle kai."

Goggo Ikilima ce, maƙwabciyarsu, aminiyar mahaifiyarsa. Ba ta gajiya. Ya tashi ya zare sakata.

Tun asuba ake ruwa, kwatocin unguwar New Bell sun cika sun tumbatsa, amma mutane sun je Idi sun dawo. Yana jin su ta taga: barka da Sallah, bonne fête ta masu Faransanci, ƙarar babura. Duk kamar a wani gari ake yi.

Inna ta rasu gab da azumi. Tun daga nan bai koma rumfar gyaran waya ba. Azumin bai ba shi wuya ba, da ma abinci ba ya shigarsa. Maƙwabta suka riƙa aiko masa da abin buɗa-baki. Yana karɓa, yana ajiyewa a bayan ƙofa. Ga kwanukan nan jibge, wasu har sun yi funfuna.

Goggo ta tsaya a bakin ƙofa, ta toshe hanci da gefen mayafinta.

"Kwanona na zo nema, mai shuɗin murfi. Tun farkon azumi yake nan. Ko aure aka ɗaura muku ban sani ba?"

"Ba abin da zan sa a ciki, Goggo."

A unguwar ba a mayar da kwano fanko. Inna ba ta taɓa yi ba. Ko sukari ne, ko goro, ko guntun sabulu, sai ta jefa wani abu kafin ta rufe. Shi kuwa duk sanda ya ɗaga murfi, hannunta yake gani. Sai ya mayar ya rufe.

Goggo ta dube shi sama da ƙasa.

"Ɗan nan, ka dubi kanka kuwa? Bunsuru ya fi ka ƙamshi. Sallar ma kana yi?"

"Ina yi. Ba na jin komai."

"Wa ya ce maka sai ka ji? Kai dai ka yi." Ta gyara mayafi. "Ba zan ɗauka ba. Da ƙafarka za ka kawo min, a wanke. Kai ma a wanke."

Ta tafi, ta bar ƙofar a buɗe.

Ya zauna bakin katifa har ruwan ya tsagaita. Ba ya son zuwa. Amma ya san za ta dawo, kuma bugun ƙofar ya fi tashin wuya.

Ya tari ruwa a famfon tsakar gida. Sabulun da ya samu ragowar na Inna ne, ya bushe ya tsage. Ya yi wanka da shi. Ya yanke farce. Ya kankare kwanon da soso har ƙarfen ya fito. Da aka kira azahar ya shimfiɗa darduma ya yi salla. Bayan sallama ya ɗaga hannu, ya nemi addu'a ya rasa.

"Ya Allah, ga ni," ya ce. Iyakarta ke nan.

Nauyin da ke ƙirjinsa bai motsa ba.

Ya sa kaftanin bara, ya fita. Hasken waje ya soke masa ido. Ya bi gefen kwata, kansa a ƙasa, kwanon ba nauyi a hannunsa, kunya na cin sa.

Goggo ta karɓa, ta ɗaga murfi, ta leƙa. Fanko ne. Ta shiga madafa ta fito ta miƙo masa kwanon, cike da waina da miyar taushe, da zafinsa.

"Goggo, yanzu fa na kawo shi."

"Gobe ma ka kawo."

Ya koma. Ɗakin na nan yadda ya bar shi: warin, shirun, tulin kwanukan. Ya ci waina ɗaya, bai ji ɗanɗanonta ba. Ya tilasta wa kansa ta biyu.

Ya ɗauki kwanon zai ɗora kan sauran, sai ya tsaya. Ya kai shi bakin ƙofa, ya ajiye kusa da takalmansa.